Kafin Ka Tsoma Buroshi a Ɗakin Rifkatu

Zuwa ga ɗana Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu a Gozaki. Yaya aiki, yaya 'yan makarantarka, yaya kuma zaman gwauro? Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya kiyaye ka a titin Funtua inda masu babur ke gudu kamar an biyo su. Mamanku tana gaishe ka. Ga ta nan zaune a gindin rumbu tana ɓarar masara, ta ce in rubuta cewa ka rame a hoton da ka turo. Na ce mata ba zancen rama ya sa na ɗauki biro ba.

Na lura in muna waya "to Baba, to Baba" kawai kake jera mini, kafin in kai gaɓar magana kuma sabis ya ɗauke. Shi ya sa na koma wa takarda. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta ta har ƙasa kafin ka sayi ko gwangwani ɗaya.

Ka ce mini za ka yi wa falonku da uwar ɗaka fenti da hannunka, kafin matarka Rifkatu ta gama wankan jego a gidansu a Dayi ta dawo da jaririya. Ka ce kada ta sani, so kake ta tura ƙofa ta ga ɗaki ya koma sabo. Da na gaya wa Mamanku, sai ta saki masarar hannunta tana dariya har da hawaye, ta ce, "Oho! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ni ban yi dariya ba, gabana ne ya faɗi. Abin da kake shirin yi shi na yi lokacin da aka haifi yayarka, kuma saura ƙiris in rasa 'ya, saura ƙiris in rasa mata. Niyyarka mai kyau ce, ɗana, tawa ma a lokacin mai kyau ce. Abin da nake so ɗaya ne, matarka da jikata, amaryata ta kaina, su dawo ɗakin da ba zai cuce su ba. To saurara ka ji yadda ubanka ya yi nasa.

Ɗakin Mamanku na ƙasa ne, amma audugata ta yi kyau a shekarar aurenmu, sai na sa aka shafe cikinsa da siminti, mata suka bi shi da farar ƙasa. Kafin shekara ta zagayo, hayaƙin fitila da na girkin damina sun mayar da bangon kamar gindin tukunya. Da ta tafi wanka gidansu a ƙarshen damina, sai na hau keke na nufi kasuwar Malumfashi, na dawo da galan ɗin fentin ruwa a ɗaure a baya ina fito. A ƙofar gida na ci karo da yayana, Baba Barau. Ya leƙa ɗakin, ya shafa bango, ya duba tafinsa da ya yi baƙi ƙirin, ya ce, "Ayuba, ka taɓa ganin an yi shuka a gonar da ba a share ba?"

Na ce, "Yaya, wannan aikin zamani ne, ba noma ba ne."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a, ɗan zamani." Ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

Ban kankare komai ba, ban wanke komai ba. Har yanar gizo-gizo da ke kusurwa sai da ta sha fenti. Kai kuma na san farar ƙasa ce mai gidan hayarku ya shafa muku a gurguje kafin biki, na ga yadda take bin rigar mutum ranar da muka zo. Fenti ba ya zama a kanta. Ka yayyafa wa bangon ruwa don kada ƙura ta tashi, ka ɗaure hancinka da ƙyalle, ka kankare ta sarai. Inda hayaƙi ya taɓa, ka wanke da sabulu. Inda ya tsage ko ƙusa ta bar rami, ka cike, ka bari ya bushe da gaske, ba bushewar ido ba. Ka kuma dafa ƙasan bangon da ke bayan gado. In ka ji sanyi, ko ka ga fumfuna, to ruwa na shiga daga wani wuri, ka fita waje ka nemo shi tukuna. Wannan aikin zai fi fentin kansa cin lokaci, kuma ba wanda zai yaba maka a kansa, amma ka yi shi.

Kuskurena na gaba ya fi ban dariya. Na tashi ina ganin Iya, kakarku, tana dama farar ƙasa a tsohuwar ƙwarya. Ta zuba ruwa son ranta, ta watsa gishiri don ta kama bango, ta shafa da tsumma. Sai na ce a raina, ai fenti ma farar ƙasa ce da ta yi makaranta. Na juye galan a bokiti biyu, na cika kowanne da ruwan rijiya, na ɗebo gishirin miya na barbaɗa, ina jin ni mai wayo ne, na fi mai shago sanin kayansa. Buroshi ma ban saya ba, tsohuwar rigata na yaga. Kai, Ishaku! Ina shafawa yana gangarowa kamar koko, ta gwiwar hannu har hammata. Da ya sha iska sai baƙin hayaƙin nan ya ɓullo ta ƙarƙashi, rawaya-rawaya, layi-layi, kamar tabarmar mai fitsarin kwance. Kwana bai yi nisa ba ya fara ɓarewa da kansa.

Mamanku ta ce in ƙara da cewa gishirinta ne na ƙarar, wanda ta bari a ƙoƙo. To na ƙara.

Saboda haka kada ka yi wa fenti wayo. Abin da aka rubuta a jikin bokitin ka karanta, kai da ka yi boko ba ka da uzurin da nake da shi. Ruwa kaɗan yake so, kuma a juya shi tun daga ƙasa har ya haɗe. Kada ka ji kunyar tambayar mai shago, ka ce masa kai sabon hannu ne, ba zai kai ka kotu ba. Ka shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙasa. Ka fara daga sama ka sauko, ka bi kusurwa da gefen taga da ƙaramin buroshi, sannan ka bi fili da rola, kuma kada ka cika mata ciki har tana ɗiga. Bangon da ka fara ka gama shi kafin ka tafi cin tuwo, in ba haka ba inda ka tsaya zai fito kamar iyakar gona. Shafin farko zai ba ka haushi, za ka ga kamar ka ɓata ɗaki. Kada ka yi fushi ka laɓta masa da yawa. Ka bar shi ya bushe, ka sake bi, a na biyu ne kyansa ke fitowa.

Ni fushin na yi. Da na ga bangon ya zama abin kunya, ga Baba Barau kullum sai ya leƙo ya ce, "Ɗan zamani, ina gajiya?", sai zuciya ta ɗebe ni na koma Malumfashi. Na ce wa mai shago ya ba ni fentin da ba ya jin magana. Ya miƙo mini fentin mai, irin wanda ake yi wa ƙofar ƙarfe da jikin mota. Ya tambaye ni, "Malam, ƙofa za ka yi wa?" Na ce masa ina ruwansa. Launin ma a murfin gwangwani na zaɓa, wani shuɗi mai sheƙi da ya burge ni a hasken rana. Na zo na sirka shi da kananzir, na bi kan wancan ɓataccen da ko bushewa bai gama yi ba.

Shuɗin da ya yi kyau a murfi, da ya mamaye bango huɗu sai ɗakin ya koma kamar cikin rijiya. Da rana tsaka sai ka kunna fitila kafin ka ga takalminka. Ga shi ya ƙi bushewa, ka taɓa ya bi yatsanka. Baba Barau ya shigo ranar kasuwa cikin farar rigarsa guda ɗaya tilo, zai yi mini tsiya, ya jingina da bango yana dariya. Da zai tashi sai muka ji ƙiiii. Ranar dai bai je kasuwa ba, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ce mini ina riƙe masa da riga ba.

In za ka zaɓi launi, ka shafa kaɗan a bango kamar faɗin faranti, ka bari ya bushe, ka dube shi da safe, ka sake dubawa da yamma. Ɗakinku taga ɗaya gare shi, mai haske zai fi karɓarsa. Kuma cikin ɗakin kwana fentin ruwa ake yi. Na mai ka bar wa ƙofa, ita ma ka ciro ta ka yi mata a tsakar gida.

Yanzu ka gyara zama, domin nan dariya ta ƙare. Ana gobe za su dawo na gama shafa. Don kada kaji su shiga, kada ƙura ta manne a bango, sai na rufe taga, na ja ƙofa na sa kwaɗo. Da hantsi aka kawo su, 'yan rakiya suna guɗa. Ina buɗe ƙofa wari ya doke mu kamar mari. Gwaggon Mamanku ta toshe hanci ta ce, "Ayuba, a nan za a sa jinjira?" Na ce ai ƙanshin sabon abu ne, zai wuce. Na fi son a yaba mini da a gaya mini gaskiya. Aka shigar da su, har aka kawo kaskon garwashi don ɗumin mai jego, a ɗakin da bangonsa ke jiƙe da kananzir. Allah ne kaɗai ya tsare wuta ba ta tashi ba.

Kafin la'asar yayarka ta ƙi nono. Idanunta suka yi ja, tana wani tari ƙanana-ƙanana, ƙirjinta na shiga yana fita kamar na ɗan tsako. Mamanku kanta na sara, tana amai. Iya ce ta shigo ta fizge jaririyar ta fita da ita iska, ta dube ni ta ce, "Kai, da hankalinka kuwa?" Aka nemo mai babur ya ɗauki Mamanku da jaririya zuwa asibitin Malumfashi, ni ina bin su a keke, ina taka feda ina roƙon Allah ya ɗauki raina ya bar nata. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba, kuma ba na fatan ka san irinsa. Allah ya ji ƙanmu, numfashinta ya daidaita, aka sallame mu. Amma ɗakin da na sha wahala a kai, ba su sake kwana a ciki ba sai bayan an gama girbin dawa. A bukkar Iya mai jinka suka zauna, inda iska ke shiga ta ko'ina.

Don Allah, Ishaku, ko fentin ruwa ne, taga da ƙofa su zauna a buɗe tun daga farko har ƙarshe. Kai ma kada ka kwana a ciki. Kada wuta ko risho su kusanci inda ake aiki da fentin mai. Ragowar kananzir kada ka zuba a gorar lemo, yaran maƙwabta na shigowa. Bokitin fenti kuma ba na ruwan sha ba ne, ko ka wanke shi. Hancinka zai saba da warin ya yi maka ƙarya, don haka ka kira wata maƙwabciya da ba ta shiga ba, ta shiga ta shaƙa. In ta ce da saura, to da saura. In lokaci ya ƙure maka, gara su ƙara mako a Dayi, ko su tarar da tsohon bangonsu. Amaryata ba ta san launi ba tukuna, iska kawai ta sani.

Na bar maka babban kuskuren a ƙarshe, ko da yake shi na fara aikatawa. Kafin in taɓa bango, sai da na sauke jeren Mamanku. Kwallaye, samiru, tasoshi, duk abin da iyayenta mata suka wuni suna jerawa ranar kai amarya, na kwashe na zuba a buhunan auduga na kai zaure. Har na buɗe babbar kwalla don in sa ƙanana a ciki, na ga abubuwan da mace ke adanawa, waɗanda ba a ajiye su don idon miji ba. Da na gama fenti na mayar da su yadda na ga ya dace, babba a ƙasa, ƙarami a sama. A ganina ma na fi su iyawa.

Ranar da ta dawo, duk warin nan da shuɗin nan, ba su ta fara gani ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da goyo, idonta a kan jere. Ta ce, "Wa ya taɓa mini kaya?"

Na ce, "Ni ne. Ai gyara na yi miki."

Sai ta ce a hankali, "Ashe ɗakin naka ne. Ni baƙuwa ce."

Ashe kowace kwalla da mazauninta. Wannan ta kakarta ce, waccan gwaggonta ta sayar da akuya ta saya mata, kuma inda kowace ta zauna, hannun wadda ta ba ta ne ya ajiye ta a wurin. Ni tasoshi nake gani, ita danginta take gani. Ciwon yayarka ya warke cikin kwanaki, amma wannan ya daɗe. Da ta samu ƙarfi sai ta goya 'yarta ta koma gidansu, sai da Baba Barau, da rigarsa mai shuɗin baya, ya je biko. Ta dawo, mun yi zaman da ka tashi ka gani, na gode wa Allah. Amma yanzun nan da na karanta mata wannan wurin, ɓarar masarar ta tsaya. Gidan naka ne, kai ke biyan haya, amma tun ranar da aka yi mata jere ɗakin na Rifkatu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai kuma abin da zan roƙe ka gafara a kai. Na fasa maka ƙwai. Ranar Lahadi bayan sujada mun je Dayi ganin amaryata. Tubarkalla, ta yi ɓulɓul, ta kama yatsana ta ƙi saki, na ce wa mutanen gidan su shaida ta zaɓi mijinta. Da na fita gaisawa da surukinka, na sa Mamanku ta gaya wa Rifkatu shirinka, ta tambaye ta launin da take so. Ka yi fushi da ni in ka ga dama, na ɗauka.

A hanyar dawowa Mamanku ta ba ni labari. Ta ce da farko Rifkatu ta rufe fuska tana murmushi, ta ce, "Shi da ko ƙusa bai iya bugawa ba?" Ta ji daɗi ƙwarai, ka sani. Ta ce falo ka yi masa duk abin da ka ga dama, amma ruwan madara ya fi kwanta mata. Sai kuma murmushin ya ɗauke. Ta ce, "Mama, uwar ɗaka fa? Zai cire faya-fayan?"

Ka san faya-fayan nan da ke kafe a bango saman gadonku. Na tabbata kullum kana ganinsu, kuma na tabbata da ka zo kankare bango za ka zare su ka tara a kwali, ba da mugun nufi ba. Mahaifiyar Rifkatu ce ta saƙa su da hannunta. Ranar jere ta hana kowa taɓawa, ta hau kan turmi da kanta, ta kafa su ɗaya bayan ɗaya, da dutse take buga ƙusa don ba a sami guduma ba. Na ƙarshen ya karkace, mota kuma tana jira a waje ana ta kiranta. Ta ce wa 'yarta, "Bar shi, in na zo wankan jikana zan gyara." Kai ka ɗauki makararta da kafaɗarka a farkon daminar nan, ba sai na gaya maka ba ta zo ba.

Rifkatu ta ce wa Mamanku, tana kuka tana ba yarinya nono, "Ku roƙar mini shi. Ko bangon zai yi baƙi kamar gawayi, ya bar mini shi. So nake in ɗaga yarinyar nan in nuna mata su a yadda Inna ta bar su."

To ka ji. Ka yi falo, ka yi shi da kyau, ruwan madara, taga a buɗe. Uwar ɗaka ka share, ka kaɗe yana, ka wanke labule, ka ja ƙofa. Ranar da ta shirya, ko baɗi ne ko bayan baɗi, ita za ta hau ta zare su da hannunta, kai kuma ka riƙe mata kujera. Yau in ka gama karanta takardar nan, ka shiga ka ɗaga kai ka dubi na ƙarshen, wanda ke wajen taga. Za ka ga a karkace yake. Hannunka zai yi maka ƙaiƙayi, na san jinin da ke jikinka. Kada ka gyara.

Allah ya tsare ka daga faɗuwa a tsani, ya tsare idonka da ƙirjinka. Ya dawo maka da iyalinka lafiya, ya raya mana yarinyar nan, ya sanyaya zuciyar uwarta. Ubangiji ya sa albarka a ɗakin, da bangon da ka shafa da wanda ka bari. Mamanku ta ce amin, ta ce kuma ka riƙa cin abinci.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka,
Ayuba